Wai yaushe masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta za ta fara aiki ne?

Maginin Bukuru:
Salam 'yan uwa. Jiya na je sayen rodi mai 12 na dekin, wallahi kuɗin da aka faɗa min sai da na nemi benci na zauna. Ga dutsen ƙarfe jibge a Itakpe, ga Ajaokuta tun zamanin Shagari da Rashawa suka gina, to wai ina matsalar take?

Baban Ummi:
Malam babbar tukunyar narkar da ƙarfen ba a taɓa kunna ta ba fa, kuma in an kunna ba a kashewa, dole gawayin kwal mai kyau da wuta da jirgin ƙasa su zama tsayayyu kullum, mu kuwa ka san halin wutarmu. Ko kamfanin mulmula ƙarfe na nan Jos da masana'antar ƙarfe ta Aladja a jihar Delta ya dogara, can ta tsaya nan ma ya kwanta.

Ɗan Dilimi:
Gaskiya ne Baba. Rodin yanzu yawanci kayan 'yan gwangwan ne ake narkawa, shi ya sa wani kana lanƙwasawa ya karye.

Hajiya Rayfield:
Ni dai ban cire rai ba, tunda a 2023 an buɗe ma'aikatar ƙarafa ta musamman. Yaranmu injiniyoyi suna zaune a gida, abin na ci min rai. Allah Ya kawo mafita.