Asibitin ƙauye: kuɗi ne babu ko riƙon amana?

Tsohon kansila: Jama'a, ni dai ina kan bakana. Ba rashin kuɗi ke kashe asibitin ƙauye ba, rashin mai sa ido ne. Tun 2014 dokar lafiya ta ƙasa ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Ina suke shiga?

Malamar jinya: Alhaji, da girmanka, kashi 1 fa ka ce, shi ma sai a kasafin 2018 aka fara saka shi. A nan Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa lafiya za ta samu kashi 15 na kasafi. Mun taɓa kaiwa? Ni na yi aiki a wani ƙauye can hanyar Abaji. Da fitilar waya na karɓi haihuwa, ruwa kuma sai mijin mai naƙuda ya ɗebo a rafi. Firjin allurar rigakafi yana nan, wuta ce babu. Wane sa ido ne zai kawo wuta?

Tsohon kansila: To 'yata, su nawa aka tura ku can?

Malamar jinya: Mu biyar a takarda.

Tsohon kansila: A zahiri fa?

Malamar jinya: Biyu. Sauran masu uwa a gindin murhu ne, an dawo da su cikin gari.

Tsohon kansila: Kin gani ko? Albashin mutum biyar na fita.

Direban tasha: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni nake kwaso marasa lafiya cikin dare zuwa babban asibitin Gwagwalada, wasu a hanya suke cikawa. A ƙauyukan gini dai akwai, har da sabon fenti, don a gini ake samun kwangila. Ka shiga ka nemi maganin zazzaɓi, a rubuta maka takarda ka tafi kemis.

Malamin makaranta: Alhaji, amma ku ne a majalisa lokacin. A 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kafin nan kuna cewa sama ce ta riƙe. Sau nawa ka taɓa leƙa asibitin mazaɓarka?

Tsohon kansila: Malam, wannan kuma ka koma kaina. Bari in yi sallah in dawo.