Tektronix 465: layin allo yana rawa, daga ina zan fara?

Sani Mai Rediyo:
Assalamu alaikum, masu sana'a. Na samo tsohon osiloskof, na'urar da ke nuna siffar wutar lantarki a allo, Tektronix 465, cikin kayan gwanjo da suka zo daga Amurka. Na juya makunnin zaɓen wuta daga 115V zuwa 230V, na sa fis ɗin da ya dace, ya kama. Sai dai layin allon ya yi kauri yana rawa, in ya ɗau zafi kuma abin ya ƙaru. Na auna layin wutar 15V na cikin na'urar, na ga 13 da 'yan kai. In murɗa sukurun saiti ne?

Baba Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ɗauke hannunka daga sukurun nan tukuna. A wannan na'ura layin 55V shi ne uba, su 15 da 5 da -8 duk shi suke bi. In ya kauce sun kauce, don haka shi za ka fara aunawa.

Amma ni zargina na kan manyan kafasitocin nan masu kamar gwangwani. Tun 1972 aka fara fito da 465, ruwan cikinsu ya daɗe da bushewa. Kafasita in ta bushe ba ta tace wuta, sai rawar 100Hz ta wutarmu ta bi layi har allo. Mayar da mitarka kan AC ka ɗora a kan kowace ɗaya, wadda ta mutu za ta tona kanta. Wajen cirewa ka bi a hankali, ka zuƙe dalmar tas kafin ka ja. Ƙafafun gwangwanin su ne suka haɗa wasu hanyoyin kan bod, in ka sa sabuwa dole ka haɗa su da waya.

Ɗan Sabon Gari:
Gaskiya Baba ya faɗa. Ka duba ƙananan kafasitocin tantalum ɗin nan ma masu kamar ɗigon fenti, su gajeren haɗi suke yi ba sallama. Bayan gyara kar ka jona kai tsaye, ka bi da wutar ta cikin ƙwan fitila mai zare, 100W. In ƙwan ya haska ya dushe, lafiya. In ya tsaya tangaran, kashe.

Baba Injiniya:
Kuma ka nisanci wajen bututun allo, akwai sama da 2,000V a can. Zare fulogi, ka sauke cajin kafasita da resista, ban da sukundireba.

Sani Mai Rediyo:
Allah ya ƙara girma, Baba. Na auna, 55 ɗin daidai take, rawar na kan gwangwanin layin 15. Saura ƙwai mai zare, ko'ina na leƙa LED ne. Wa ya san mai sayarwa?