Katakon bakin rufi: abin da aka tattauna a taƙaice

Jama'a, na tattara abin da aka faɗa kan ruɓewar katakon bakin kwano da silin da ke ƙarƙashinsa a gidajenmu na Yamai.

1. Kusan kowa ya yarda daga sama ruwan ke shiga: ramin ƙusa, kwanon da bai zarce katako sosai ba, ko indararon da ƙura da ganyen dogon yaro suka toshe. A share indararon kafin watan Yuni, kada a jira ruwan Agusta.

2. A soka tsinin wuƙa a jikin katakon. In ta nutse, a yanke wurin har a kai ga itace mai ƙwari. Fenti kan ruɓaɓɓen katako asarar kuɗi ce.

3. Sau da yawa gara ce, ba ruwa ba. A duba hanyar ƙasa da take ginawa a jikin bango.

Inda aka rabu shi ne shafa wa katako baƙin mai. Wasu kafintoci sun ce yana hana gara, wasu suka ce fenti ba ya kamawa bayansa, ga wari. Ni dai na fi karkata ga na biyu. Mutum biyu kuma sun ce a sa kwano maimakon katako, a huta.