Wai mai harbi a gem shi ma maharbi ne?

Ɗan Gem: Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Jiya na je ƙauye na tarar kawuna yana ba da labarin gadar da ya harba a cinya ta tsere masa da jini, sai na ce Kawu da ka jira ta ba ka gefe ka nemi bayan kafaɗa inda huhu yake ai da ba ta sha wahala ba, kawai aka fashe min da dariya wai ɗan birni. Ni fa shekara uku ina buga gem ɗin farauta mai suna theHunter: Call of the Wild, wanda wani kamfanin Suwidin ya fitar a 2017, nan na koyi lura da iska kar dabba ta jiyo warinka, da bin sawu da ɗigon jini, kuma in ka sa harsashin da bai dace ba ko ka harbi dabba fiye da sau biyu rage maka maki ake yi. Ni ma maharbi ne a nawa fannin.

Jikan Sarkin Baka: Maharbi?? Don Allah ƙanena janye wannan kalmar. Kakana sai ya kwana uku a dawa da adaka, harbi ɗaya gare ta, kafin ka sake ɗura albarushi naman ya yi nisa. Kai kana kan katifa fanka na kaɗa ka.

Baban Ilham: Gyara kaɗan, kawun nasa ma in da karnuka da gora yake fita mafarauci ne. Maharbi shi ne mai baka da kibiya ko bindiga.

Jikan Sarkin Baka: Ai ya ce HARBA ta ya yi, da gora ake harbi?

Baban Ilham: A garinmu dai haka muke rabewa.

Ɗan Gem: Ni fa maganar huhu nake yi.

Maman Walid: Ni abin da ya tsaya min gadar nan ce, tana can tana jan ƙafa har ta mutu a banza. Annabi (SAW) ya ce a kyautata kisa, ya kuma hana a mai da abu mai rai abin gwada saiti. Yaron nan bai faɗi ƙarya ba. Sai dai ɗana, a gem in ka kuskure sake kunnawa kake yi, ba ka taɓa jin kukan dabba a hannunka ba, ba bisimilla ba yanka ba rabon nama da maƙwabta.

Na Bauchi: Wane maharbi ya rage ma? Yanzu rani na yi sai a cika mota da karnuka a banka wa daji wuta saboda gafiya da zomo, mai ciki da mai shayarwa duk a haɗa. Da ba a hana farauta a Yankari ba da ko gwanki ba za ku gani ba.

Jikan Sarkin Baka: Kar ka haɗa mu da 'yan ƙona daji malam! Wa ya shiga daji tare da sojoji a Adamawa lokacin Boko Haram a 2014? Maharba ne, ba masu rimot ba.

Na Bauchi: Wa ya yi maganar Boko Haram kuma? Kullum in an taɓo ku sai ku gudu can.

Baban Ilham: Su ma waɗancan ai wasu mafarauta ne.

Jikan Sarkin Baka: To tunda na girme ku bari in rufe. An yarda gem wasa ne, maharbi sai wanda ya gada ko ya yi zaman koyo gaban manya, kuma yaro ya je ya ba kawunsa haƙuri.

Maman Walid: Wa ya yarda? Yaya ni ban ce haka ba.

Ɗan Gem: Haƙurin zan bayar don kawuna ne. Amma har yanzu ba wanda ya ce min bayan kafaɗa ba daidai ba ne.