Neman kalma: me za mu kira VAR da Hausa?

Mai zaren:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa rubutu kan aikin Bakary Papa Gassama, tsohon alƙalin wasan nan ɗan Gambiya, kuma ina neman taimakonku kan kalma ɗaya: VAR, wato taƙaitawar "video assistant referee" a Turanci.

Gassama ya shiga jerin alƙalan FIFA a 2007. Ya busa a wasannin Olamfik na Landan a 2012, ya busa wasan ƙarshe na kofin Afirka a Bata a 2015, wanda Kwaddibuwa ta doke Ghana da 9 da 8 a bugun fenariti, sannan ya je gasar kofin duniya a 2014 da 2018 da 2022. A shekarunsa na farko daga shi sai usur ɗinsa da masu tuta. A shekarun ƙarshe kuwa, manyan wasannin da ake tuna shi da su duk akwai maganar VAR a ciki.

Abin da aka saba ji a rediyo shi ne "na'urar da ke taimaka wa alƙalin wasa yanke hukunci". Ta yi tsawo, kafin mai sharhi ya gama faɗinta an buga fenaritin. Abin da ya fi damuna kuma, ba gaskiya ba ce. Harafin ƙarshe na VAR alƙali yake nufi, mutum ne mai lasisi, yana zaune gaban allo yana magana da na cikin fili ta abin kunne. Idan muka ce na'ura, mun cire wa mutum alhakin abin da ya yi.

Wani tsohon rafali daga Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Yaran da nake koya wa alƙalanci suna zuwa da tunanin cewa kwamfuta ce ke ba da fenariti, daga bakin masu sharhi suka ɗauko.

Bari in kafa hujja da Gassaman da kake rubutu a kansa. Ranar 16 ga Yuni 2018 a Saransk ta Rasha, wasan kofin duniya tsakanin Peru da Denmark. Poulsen na Denmark ya taɗe Cueva na Peru a cikin yadi na 18, Gassama bai busa ba. Aka yi masa magana a kunne, ya je bakin fili ya kalli allo da idonsa, ya dawo ya nuna fenariti. Cueva ya buga ta tashi sama, Poulsen ɗin ne kuma ya ci wa Denmark ƙwallo ɗayan da aka tashi da ita. To a nan wa ya yanke hukunci? Gassama. Wa ya ankarar da shi? Wani alƙali ɗan'uwansa da ke zaune a wani ɗaki a Mosko, domin a gasar nan duk daga can ake duba wasannin.

Kuma dokar da hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta amince da ita a watan Maris na 2018 ta taƙaita aikin ga abubuwa 4: ƙwallo ta shiga ko ba ta halatta ba, fenariti, jan kati kai tsaye, da ba wa ɗan wasa kati alhali wani ne ya yi laifin. Ko a cikinsu ma sai kuskuren ya fito fili ƙarara, ko an yi wani babban abu da ya kuɓuce wa alƙali. Na'ura ba ta san "ƙarara" ba, wannan awon mutum ne.

In ana neman inda kalmar na'ura ta dace, akwai shi. Wadda ke lura da layin raga, da gasar kofin duniya ta fara amfani da ita a 2014. Ƙwallo na tsallake layi agogon hannun alƙali zai girgiza, babu wanda ya sa baki. Ita a bar mata sunanta, na'urar layin raga.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram:
Mu nan gidajen kallo "la VAR" ake cewa, yadda masu sharhin Faransanci ke faɗa, kuma su tsarin gaba ɗaya suke nufi. Ni shawarata a ce "kotun ɗaukaka ƙara". Kowa ya san ta, daga Damagaram har Kano.

Tsohon rafali:
Ɗan'uwa, wannan za ta ɓatar da mutane. A ɗaukaka ƙara wanda aka yi wa hukunci ne ke kai kuka, kotun sama kuma ta soke na ƙasa. A nan ɗan wasa ba shi da ikon neman a duba, in ma ya matsa da zana alamar talabijin da hannu, katin gargaɗi zai samu. Na ɗakin kuma ba ya soke komai, shawara yake bayarwa. Maganar ƙarshe ta mai usur ce.

Wani dattijo da ya yi aikin kotu a Zariya:
'Ya'yana, ku ba ni dama. Wannan aikin da kuke siffantawa muna da sunansa tun kafin a kawo ƙwallo ƙasar nan. A majalisar alƙali akwai muhuti. Yana zaune gefe, masani ne shi ma, yana taimaka wa alƙali, yana tuna masa abin da ya wuce shi, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Ku ce "muhutin wasa". Gajeriya ce, kuma tamu ce.

Mai zaren:
Baba, Allah ya ƙara girma. A ma'ana dai babu wadda ta kai wannan dacewa cikin duk abin da aka kawo, har matsayinsa a ƙarƙashin alƙali ta nuna. Tsorona ɗaya ne, matasan da ke cika gidan kallo yawancinsu ba su taɓa jin kalmar ba. Malama, ke da kike aji da su kullum, me kika gani?

Wata malamar Hausa daga Katsina:
Baba ya kawo kalma mai asali, kuma zan so ta shiga rubutu ko don a raya ta. Sai dai kalmar wasa a baki take rayuwa, a lokacin da ake ihu. Wadda aka ce sai an yi bayaninta, za a bar ta a koma wa VAR.

Ku dubi waɗanda suka zauna da gindinsu. "Satar gida" ta zauna, ba wanda ke neman fassararta. "Jan kati" ta zauna. "Bugun daga kai sai mai tsaron gida" tana da daɗi, amma tsawonta ya sa fenariti ta fi ta yawo. Darasin a bayyane yake: kalma biyu, kowacce sananniya. Tunda muna cewa alƙalin wasa, a ce "alƙalin bidiyo". Jam'i, alƙalan bidiyo. Mace, alƙaliyar bidiyo. Tana shiga jimla ba tare da tuntuɓe ba: alƙalin bidiyo ya kira shi, alƙalin bidiyo bai ga laifi ba.

Ɗan'uwa daga Damagaram:
Malama, na yarda da ke kan mutumin. Amma ga tambaya daga aikin Gassaman kansa. Ranar 31 ga Mayu 2019 a Rades, wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka, Esperance ta Tunisiya da Wydad ta Maroko. An yi 1 da 1 a Rabat, Esperance na gaba da ɗaya a gida, sai El Karti na Wydad ya farke da ka, aka ce satar gida. 'Yan Wydad suka ce a je a duba, aka ce VAR ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba, aka tsaya fiye da awa guda, Gassama ya tashi wasan, kofi ya tafi Esperance, magana ta kai har kotun wasanni ta duniya. To a nan za ka ce alƙalin bidiyo ya lalace? Ai kayan ne suka ƙi aiki.

Malamar Hausa:
Tambayarka ta yi kyau, kuma ita ta nuna ainihin cutar. Haruffa uku ake ɗora wa kaya uku: mutumin, kayan aikinsa, da aikin dubawar. Hausa ba ta da dalilin cusa su a kalma ɗaya. A Rades "na'urorin bidiyo" ne ba su yi aiki ba. A Saransk "alƙalin bidiyo" ne ya yi magana, Gassama kuma ya je "bitar bidiyo". Inda suke zama, "ɗakin bidiyo".

Tsohon rafali:
Bita ta zauna daidai, domin abin da ya riga ya wuce ake sake bi. Kuma raba su zai yi wa masu busa adalci. Ku tuna wasan Blida ta Aljeriya, 29 ga Maris 2022, da Toko Ekambi ya ci a minti na 124 Kamaru ta fitar da Aljeriya daga zuwa Ƙatar. An soke wa Slimani na Aljeriya ƙwallaye, ɗaya bayan bitar bidiyo saboda taɓa hannu. Aljeriya ta kai ƙorafi FIFA tana neman a sake wasan, ba a sake ba, zagi kuma duk ya sauka kan Gassama. Mai son ya auna wasan nan da gaskiya dole ya iya tambaya daban-daban: me alƙalin fili ya gani, me alƙalin bidiyo ya gaya masa, me bitar ta nuna. Da "na'ura" kaɗai ba za ka iya yin waɗannan tambayoyin ba.

Gyara ɗaya zan nema, Malama. A rubutun doka a sa "mataimaki" a gaba, mataimakin alƙali na bidiyo, don kada a ɗauka matsayinsu ɗaya da mai usur.

Dattijo daga Zariya:
Na ji hujjarku, kuma ban ƙi ba. In dai za a kiyaye cewa mataimaki ne, buƙatata ta biya.

Mai zaren:
Na gode ƙwarai. Ga abin da zan yi amfani da shi a rubutun: alƙalin bidiyo ga mutumin, da cikakken sunansa na mataimakin alƙali na bidiyo a ambaton farko. Bitar bidiyo ga aikin, na'urorin bidiyo ga kayan. Muhutin Baba zai shiga wurin da zan bayyana matsayinsa a gaban alƙalin fili. Masu sharhi a rediyo da ke cikinmu, don Allah ku gwada su a wasannin ƙarshen makon nan ku dawo mana da yadda masu sauraro suka karɓe su.