Akori-kura Fijo 404: waɗanda suka taɓa nema ko saye, ku ba mu labari

Ɗan Kakuri:
Assalamu alaikum jama'a. Wata bakwai kenan ina neman tsohuwar akori-kura Fijo 404 in gyara ta, irin mai giya a jikin sitiyari. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa da irin ta ya yi ta ɗauko hatsi daga Saminaka, a bayanta muka girma, shi ya sa na ƙwallafa rai. Na samu guda biyu amma farashin ya rikita ni, ɗaya an ce dubu ɗari huɗu ba ta tashi, ɗaya kuma miliyan biyu wai tana tafiya. Duk wanda ya taɓa saye don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Mai Walda:
Wa'alaikumussalam. Ɗan uwa kafin ka tambayi inji ka kwanta ƙarƙashinta tukuna. Ni na sayi tawa a wani ƙauye bayan Funtuwa, fenti ya yaudare ni, inji na tashi bugu ɗaya sai na biya ban duba ƙasa ba, da muka kawo ta gareji muka cire katakon baya sai ga tsatsa ta cinye inda sifirin yake kamawa, ƙasan wajen ƙafar direba kuwa da guduma ka taɓa sai ya rufta. Wata huɗu ina yanka ina ɗinkewa. Motocin nan yawancinsu taki da gishiri da dabbobi suka yi ta ɗauka, kuma fitsarin dabba da takin zamani ba abin da ke cin ƙarfe kamar su. Inji ana samu, ƙashin mota in ya ruɓe kuɗin da zaka kashe sai ya ninka kuɗin sayen.

Baban Khalifa:
Gaskiya ne wannan. Ni abin da ya taimake ni wajen tayi shi ne na fara tambayar 'yan gwangwan nawa za su saye ta a kilo, domin su ne abokan takararka yanzu ba masu sha'awa ba. In motar ba ta tashi to daga nan ake fara lissafi, sai ka ɗora abin da ke jikinta mai amfani, gilashi, fitilu, lagireto, akwatin giya. Guda biyu na rasa a hannunsu wallahi, naje da safe na ga mota a gindin bishiya na ce bari in koma in haɗo kuɗi, bayan kwana uku na dawo an riga an daddatsa ta. Har yau abin na damuna.

Direban Maraɗi:
Mu nan wajenmu bashe muke ce mata, kuma har yanzu kana ganin tsiraru ranar kasuwa suna ɗaukar kaya da mutane zuwa ƙauyuka. Amma Alhaji ka yi hankali, wadda ke kan aiki ba lallai ta fi wadda ke ajiye ba. Tawa da na saya tana tafiya, ashe injin 504 ne a ciki, an ƙara mata ganyen sifirin don lodi, kujerar ma ta wata mota ce daban. In aiki kake so babu laifi, in kuwa so kake ta koma yadda ta fito to duk sai ka sake nemo na asali. Kuma in zaka tsallaka da ita Najeriya ka sa kuɗin kwastan cikin lissafi tun farko.

Ɗan Kakuri:
Na gode ƙwarai. To ya ake gane wadda aka haɗa a Kaduna da wadda aka shigo da ita?

Tsohon Makanike:
Yaro ka duba ƙaramin farantin ƙarfe da ke cikin ɗakin inji, ka gwada lambar da ta takarda. Ita 404 a 1960 ta fito a Faransa, akori-kurarta ta biyo baya a 1967, kamfanin PAN mai haɗa Fijo a Kaduna kuma sai 1975 ya fara haɗa mota, saboda haka duk wanda ya ce maka tasa ta 1970 ce kuma haɗin Kaduna, maganarsa ba ta tsaya ba. Wani abu kuma, sai 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, in ka ga mai sitiyari a dama to da alama ta riga wannan lokacin shigowa, irin su sun yi ƙaranci sosai, ni sau ɗaya na gyara irin ta. Injinta na fetur galibi mai lita 1.6 ne, kwantak da kabireto kawai, ba wayar kwamfuta ko ɗaya, duk makaniken da ya yi zamanin Fijo zai iya da shi. Kayan inji kana samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka nan kusa da kai, abin da ke wahala shi ne gilashin gaba da robarsa da ƙarfen ado na fuska, waɗannan sai dai a cire daga wata.

Maman Sadiq:
Ni ba saye na yi ba, sayarwa muka yi. Ta maigidana ce marigayi, shekara tara tana ajiye a zaure. Dillalai sun yi ta zuwa suna kushe ta don su karya farashi, kowa na ce masa albarka. Wanda muka sallama wa bai fi kowa tayi ba, amma ya zauna ya tambayi tarihinta, ya nemi duk magada su sa hannu a gaban mai unguwa, ya ce in ya gama gyara zai kawo ta yara su gani, kuma ya kawo. Malam in ta gado ce kada ka biya mutum ɗaya a ɓoye, rigima zaka saya.

Ɗan Kakuri:
Allah ya jiƙansa Hajiya, ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mai dubu ɗari huɗun ta gado ce, takardunta na nan har da tsohon lasisi. Asabar in sha Allah zan koma da mai walda da tocila mu shiga ƙarƙashinta, sannan in nemi ganin babban ɗan gidan.