Aro zancen fim ko waƙa a cikin bayani: sauƙaƙawa ne ko ware wasu?

Mai_Alli: Assalamu alaikum. Mai jawabi ya jefa wata magana daga fim ko waƙar da ake yayi don ya kafa misali, rabin ɗaki su fashe da dariya, rabi su yi zuru. An ci riba ko an faɗi? Masana, a taimaka da ƙa'ida.

Tafinta: Wa alaikumus salam, Malam. Amfaninsa gajarta zance ne: kalma huɗu su ɗauko labari da yanayinsa, ba sai an yi dogon sharhi ba. Inda gizo ke saƙa shi ne mai magana ba ya iya ƙiyasta mutum nawa suka san abin. A 1990 Elizabeth Newton ta yi wani gwaji a Jami'ar Stanford ta Amurka: ta sa wasu su ƙwanƙwasa kiɗan sanannun waƙoƙi a kan tebur, wasu su canko waƙar. Masu ƙwanƙwasawa sun zaci za a gane rabi. Cikin waƙoƙi 120, uku kacal aka gane. Mai bugawa waƙar na kaɗawa a kansa, shi kuwa mai sauraro ƙwas-ƙwas kawai yake ji.

Hajiya_Edita: Malam, gane ko aron ya dace ba wuya. Goge zancen aron ka sake karanta jimlar. In ma'ana ta tsaya da ƙafarta, ado ne, bar shi. In ta rushe, to ka ɗora bayanin kan abin da wasu ba su gani ba. Shi ya sa ake fara faɗin batu a fili, sannan aron ya biyo baya. Kada a sa shi sam a gargaɗi, umarnin aiki ko tambayar jarrabawa, nan za ka auna kallon fim ne, ba fahimta ba. Rubutun da zai daɗe ma haka, don yayi ba ya jimawa.

Tafinta: Hajiya, na yarda, sai dai kada a auna da dariya. Baƙo kan dara don kada a ce an bar shi a baya, kuma ba zai tambaya ba. Cikakken fashin baƙi kuma yana kashe barkwancin, rabin jimla ya isa: "kamar jarumin nan da ya yi ta cika baki, aka tashi faɗa ya arce". Haka hoto mai motsi a zauren hira: makaho mai amfani da manhajar karanta allo ba zai samu komai ba in ba a rubuta bayanin hoton ba.